Fim ɗin masuncin Hadeja da bikin Amsterdam: ta wace ƙofa ake shiga?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Hadeja, sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Shekara biyu ke nan ina bin wani dattijo masunci da kyamarata, ina ɗaukar yadda ciyawar kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa har kamun kifi ya soma gagararsu. Hoton da na tara ya kai na awa 40. Na ji ana wani biki duk shekara a Amsterdam na irin waɗannan fina-finan, wai ya fi kowane girma a duniya. Mene ne gaskiyar bikin, me ake samu a cikinsa, kuma ta yaya irina da ba shi da kowa zai shigar da nasa? Abokaina sun ce in harhaɗa in sa a YouTube kawai, in Allah ya sa ya yi tashe su da kansu za su neme ni."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa wannan himma taka albarka. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: wane irin taro ne wannan, shin ya cancanci wahalar da za a sha a kansa, sannan ina ƙofarsa take ga mutumin da ba shi da uwa a gindin murhu. Zan bi su, amma bari in fara da maganar abokanka, don ita ce mai gaggawa. Kada ka sa fim ɗin nan a YouTube. Kada ka sa shi a Facebook, kada ka tura wa wani cikakkensa ta WhatsApp don ya ba ka shawara. Manyan bukukuwan fina-finai suna mutunta abin da ake kira haskawar farko, wato su ne za su fara nuna fim ɗin ga jama'a, ko a duniya baki ɗaya, ko a wajen ƙasar da aka yi shi, ko a nahiyarsu. Ranar da ka saki cikakken fim a intanet, ka rufe wa kanka ƙofar gasarsu da hannunka. Ni na yi wannan kuskuren da fim ɗina na farko, saboda ɗokin mutane su gani su yaba. Wata shida bayan haka wata mai zaɓen fina-finai ta wani biki ta rubuto mini cewa fim ɗin ya burge ta, amma tunda yana intanet ba yadda za ta yi da shi. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Mene ne IDFA

Bikin da ka ji labari shi ne wanda ake kira IDFA a taƙaice, bikin fina-finan dokumentari (wato fina-finan gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba) na duniya da ake yi a Amsterdam, babban birnin ƙasar Holan, a kowane watan Nuwamba. Wata mata mai suna Ally Derks ce ta kafa shi a 1988, ta kuma jagorance shi har zuwa 2017. Bayanta, daga 2018, wani furodusa ɗan ƙasar Siriya mai suna Orwa Nyrabia ya riƙe ragamar zaɓen fina-finan na tsawon shekaru. Ana shafe kwana goma da ɗoriya ana haska fina-finai a sinimomi daban-daban na birnin, kuma abin da ake nunawa a shekara yakan kai 250 zuwa 300, waɗanda aka tsamo daga cikin dubbai da aka aiko. Da gaske ne, a fagen dokumentari shi ake ɗauka mafi girma.

Abin da mai kallo daga nesa ba ya gani shi ne, bikin kasuwa ce. Haska fim da ba da kyauta su ne rumfar gaba, wadda 'yan jarida ke ɗauka. A bayanta akwai inda ake cinikin. Tun 1993 suke da wani zaure da ake kira Forum, inda mai fim ɗin da bai kammala ba zai tsaya gaban wakilan gidajen talabijin da masu ba da tallafi, ya gabatar da aikinsa cikin 'yan mintuna, har da ɗan guntun hoton da ya ɗauka, su kuma su yi masa tambayoyi a gaban jama'a, daga baya a zauna ɗaya bayan ɗaya a yi maganar kuɗi. Akwai Docs for Sale, inda masu sayen fim da masu zaɓa wa wasu bukukuwan ke zama su kalli waɗanda aka gama. Akwai IDFAcademy ta horar da sababbin hannu. Sannan akwai asusun tallafi, wanda shi ne ya fi shafarka, zan dawo kansa.

Shekarar da Allah ya nufa na je, abin da ya fi tsaya mini a rai ba wani babban mutum ba ne da na gani. Wata safiya ce, ana yayyafi mai sanyin da ke ratsa ƙashi, na bi layi a ƙofar Tuschinski, tsohuwar sinimar nan da aka buɗe tun 1921, mai jajayen dardumai kamar fadar sarki. Ƙarfe goma na safe, ranar aiki, amma zauren ya cika: tsofaffi da lemarsu a jiƙe, ɗalibai da jakunkuna. A cikin fim ɗin akwai wurin da wata tsohuwa ke kwaɓa fulawa ita kaɗai a ɗakin girki, ba magana, ba kiɗa, sai ƙarar hannunta a cikin kwano, har na wajen minti uku. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya ciro waya. Da aka kunna fitilu, wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambayi daraktan ko tsohuwar ta ga fim ɗin, kuma me ta ce. A ranar na gane irin masu kallon da ake yi wa fim a can, na kuma gane tambayar da za a yi mini in na kawo nawa.

Gadon majigi

Nan ne nake so ka ba ni hankalinka, don a nan yawancinmu muke faɗuwa tun kafin a zo maganar kuɗi ko biza. Mu a ƙasar Hausa, ta hanyar majigi muka fara sanin fim ɗin gaskiya. Tun zamanin Turawa mota ke zuwa gari, a kafa farin allo a ƙofar fada bayan sallar isha'i, a nuna yadda ake noman gyaɗa ko auduga, ko amfanin tsafta da rigakafi, wani kuma yana riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a abin da ya kamata su fahimta. Bayan majigi sai rahoton talabijin ya gaje shi, bayansa kuma finafinan ƙungiyoyin agaji. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su: murya daga sama tana bayani, sai a yanko wani jami'i a ofis yana jawabi, sai a nuna talaka na daƙiƙa goma yana kuka da halinsa, a rufe da kira ga gwamnati. Wannan tsari ya shiga jininmu har muna ganin shi ne dokumentari.

Irin wannan aikin yana da amfaninsa, ni ma na ci abinci da shi shekaru. Amma ba shi IDFA ke nema ba. Abin da suke nema shi ne fim ɗin da ke da idon mai shi, wanda in ka kalla za ka san wani mutum ne takamaimai ya tsaya a wani wuri takamaimai ya ga wannan abu, kuma da wani ne ya ɗauka da ba haka zai fito ba. Mai zaɓe a irin wannan biki yana kallon ɗaruruwan fina-finai a 'yan watanni. Ya ga fari, ya ga ambaliya, ya ga yaƙi daga kowace kusurwar duniya. Girman matsala ba ya tsayar da shi. Mutum ne ke tsayar da shi.

Ga misali daga aikina. Na taɓa bin wani tsohon maƙeri wanda ɗansa na ƙarshe, shi kaɗai da ya rage a maƙera, yake son barin sana'ar ya koma acaɓa. Sati uku na farko duk abin da na ɗauka shara ne. Da ya ga kyamara sai ya gyara zaman hula, ya soma ba ni tarihin ƙira tun kaka da kakanni, da irin muryar da ake hira da rediyo. Na yi ta zuwa, wata rana ko kyamarar ba na kunnawa, in zauna in taya shi jan zugazugi, mu sha kunu. Wata ranar Talata yaron bai zo ba, ya tafi karɓo babur. Tsohon ya sa ƙarfe a wuta, ya yi ja, sai ya miƙa hannunsa baya ba tare da ya waiwaya ba, yadda ya saba shekara da shekaru, yana jiran a ɗora masa awartaki. Hannun ya tsaya a iska. Ya daɗe a haka kafin ya juya ya ɗauka da kansa, ya ɗora ƙarfen a kan uwar maƙera, bai ce uffan ba. Wannan daƙiƙa ashirin ɗin ita ce fim ɗin. Duk jawabin da ya yi mini na sati uku bai faɗi abin da hannun nan ya faɗa ba.

To ka koma cikin awa 40 ɗinka da wannan idon. Labarin kacala sananne ne: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa fadamun Hadeja da Nguru ya canza, wuraren da a da suke cika da damina su bushe da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, ciyawar ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin kwalekwale, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye wa manoma shinkafa da gero. Wannan bayani ne, kuma layi uku a farkon fim ya ishe shi. Fim ɗin kuwa yana wurin dattijon. Me yake so wanda bai samu ba? Wa yake jayayya da shi a gida? Akwai ranar da ya fita da asuba ya dawo da koma babu komai, ka bi shi har cikin gida ka ga yadda ya haɗa ido da iyalinsa? Akwai abin da ya canza tsakanin shekarar farko da ta biyu? In amsar ita ce yawancin hotonka hira ce a zaune da kuma hoton ciyawa, to ba ka gama ɗauka ba, kuma wannan ba abin baƙin ciki ba ne. Kana da abin da kuɗi ba ya saya, wato shekara biyu na yarda tsakaninka da mutumin. Baturen da zai zo da kayan aiki na miliyoyi ba zai samu wannan a sati biyu ba.

Ƙofar tana kafin a gama fim

Yawancin matasa suna ɗauka tsarin shi ne: ka gama fim, ka biya kuɗin shiga, ka tura, ka jira. Ana yin haka, kuma akan dace. Amma in ka bi tarihin fina-finan Afirka da suka shiga manyan bukukuwa, za ka tarar da yawansu an san da su tun suna jarirai. Sun bi ta wani asusu, ko wani zauren horo, ko wata kasuwar gabatar da aiki, har masu zaɓe suka riƙa jiran ranar da za a gama su.

Asusun IDFA an kafa shi a 1998 da sunan Jan Vrijman, daga baya ya koma IDFA Bertha Fund. An yi shi ne musamman don masu shirya dokumentari na Afirka, Asiya, Latin Amurka, Gabas ta Tsakiya da wani yanki na Gabashin Turai, waɗanda ke zaune suna aiki a ƙasashensu. Ɗan Najeriya da ɗan Nijar duk suna ciki. A shekarun da na fi mu'amala da shi, yana ba da har Yuro 5,000 don bunƙasa aiki, da har Yuro 17,500 don ɗauka da tacewa, kuma an ƙara adadin daga baya. Ba kuɗin da zai gama maka komai ba ne, amma hatimi ne. Da zarar sun sa hannu a aikinka, sauran masu tallafi sukan buɗe wasiƙarka da wani ido daban. A Toronto ta Kanada ma bikin Hot Docs yana da asusun da ya keɓe wa masu dokumentari na Afirka, sannan a nahiyarmu akwai Durban FilmMart a Afirka ta Kudu da Ouaga Film Lab a Wagadugu, inda ake ɗaukar aikin da bai nuna ba a taya mai shi gyarawa.

Abin da za su nema a wurinka kusan iri ɗaya ne ko'ina: taƙaitaccen labarin fim, bayanin yadda kake son ya kasance a ido da kunne, dalilin da ya sa kai ne za ka yi shi ba wani ba, kasafin kuɗi, da guntun hoto na 'yan mintuna. Guntun nan ya fi duk takardun nauyi. Kada ka yi shi kamar tallan fim ɗin Kannywood, da yanke-yanke da kiɗa mai tayar da hankali. Ka zaɓi fage biyu ko uku cikakku, ka bar su su yi numfashi, a ga dattijon yana rayuwarsa, a ga kuma cewa ka iya tsayar da kyamara ka yi haƙuri.

Sai maganar furodusa. Na san a wurinmu furodusa shi ne mai kuɗi. A wannan fagen ba haka ba ne: shi ne mai rubuta takardun neman tallafi, mai riƙe lissafi, mai sanin wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a wane wata, mai karanta yarjejeniya kafin ka sa hannu. Kai kaɗai ba za ka iya ɗauka, ka tace, ka kuma yi wannan ba. Ka nemi wanda ya taɓa raka fim ko da guda ɗaya ne zuwa wani biki na gaske, ko a Legas yake ko a Yamai.

In kana shakkar ko fim da Hausa zai iya zuwa irin waɗannan wurare, dubi maƙwabtanmu. Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta yi fim mai suna Zinder a kan matasan unguwar Kara-Kara, da Hausa suke maganarsu, kuma an fara haska shi a 2021 a bikin Visions du Réel na garin Nyon a Suwizalan, ɗaya daga cikin tsofaffin bukukuwan dokumentari, kafin ya zaga duniya. Haɗin gwiwa ne tsakanin kamfanonin Nijar da Faransa da Jamus. Ita kuma ba daga sama ta faɗo ba, ta yi karatun dokumentari a Saint-Louis ta Senegal, ta yi gajerun fina-finai, ta bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. 'Yan Nijar sun riga mu nisa a wannan fanni, tun zamanin su Oumarou Ganda da Moustapha Alassane suke da al'adar fim ɗin da ke fita duniya, alhali mu a wannan ɓangaren kasuwar cikin gida ta ɗauke mana hankali. Ba laifi ba ne mu je mu koya a wurinsu, harshe ɗaya muke yi.

Sauti, fassara da haƙƙin mutane

Masu zaɓe suna yafe hoton da bai yi kyau sosai ba. Sauti marar kyau ne ba sa yafewa, don a babban zaure ba ya jurewa. Mu kuma masu fitowa daga ɗaukar biki mun saba dogara da makirfon da ke jikin kyamara, tunda daga baya kiɗa za a ɗora. A kan ruwa iska za ta cinye maka rabin magana. Ka sa kunne ka saurari abin da ka tara da abin ji na kunne mai kyau, ka ware wanda ake ji da wanda ba a ji. In za ka koma ɗauka, ka samu ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga da na'urar naɗar sauti daban, ko da haya ne, ka kuma naɗi sautin wurin shi kaɗai: filafili a cikin ruwa, kacala tana gogar jikin kwalekwale, kiran sallar asuba daga ƙauyen da ke tsallake. Da waɗannan ake gina duniyar fim a ɗakin tacewa.

Yau ɗin nan kuma, kafin komai, ka kwafi awa 40 ɗin nan a ma'ajiya biyu daban, ka kai ɗaya wani gida.

Fassarar Turanci da za a rubuta a ƙasan allo wajibi ce, kuma sana'a ce mai zaman kanta. Dattijon masunci ba zai yi magana kai tsaye ba, zai yi ta da karin magana da habaici, wataƙila ma yana tsoma Badanci ko Manganci a ciki kamar yadda ake yi a yankinku. In aka ba wanda ya iya Turancin makaranta kawai, zai mayar da mutum mai hikima ya zama kamar marar wayo a idon baƙi. Ka nemi wanda ya san harsunan biyu har cikin ɓargo, ku zauna tare layi bayan layi. Sai waƙa: duk waƙar da ta fito a fim, ko daga rediyon mai shayi ta tashi, tana da mai ita, kuma gidan talabijin na waje ba zai sayi fim ba sai ya ga takardar izini. Haka mutanen da ka ɗauka, ana bukatar shaidar yardarsu, a rubuce ko a naɗe.

Abin da ake samu, da abin da ake iya rasawa

Kada ka sa ran arziki. Kyautar kuɗi tana zuwa ga fina-finai ƙalilan, kuma yawancin masu dokumentari a duniya, har da Turawan, da wani aikin suke haɗawa. Abin da ake samu shi ne fim ɗin ya rayu: wasu bukukuwan su gayyace shi, wani mai rarrabawa ya ɗauke shi, wata tashar ta saya, jami'o'i su nema. Sai kuma fim na biyu ya zo da sauƙi fiye da na farko, domin yanzu akwai masu amsa wasiƙarka. Wahalhalun kuwa na gaske ne. Akwai kuɗin shiga da ake biya da kuɗin waje, akwai na gyaran sauti da launi da mayar da fim irin tsarin da sinima ke karɓa, akwai biza, wadda takardar gayyata ba ta tabbatar da ita. Bukukuwa da yawa sukan yafe kuɗin shiga ga wanda ya rubuta ya yi bayanin halinsa da ladabi, saboda haka kada kunya ta hana ka tambaya.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan, wanda ba a cika faɗa ba. Ana kiran irin wannan fim mai zaman kansa ne saboda mai shi ke da maganar ƙarshe a kan abin da zai shiga da abin da za a cire. Da zarar kuɗin waje ya shigo, shawarwari za su biyo shi. Wani zai ce ka ƙara nuna talauci, wani zai ce ka sa maganar sauyin yanayi a gaba don ita ke tafiya yanzu, wani zai tambaye ka ina Boko Haram a labarin tunda ya ga Yobe kusa da Hadeja a taswira. Ba duka ne masu mugun nufi ba, da yawansu abin da suka saba gani daga Afirka ke nan, kuma suna tunanin masu kallonsu. Wasu shawarwarin ma za su gyara maka fim ƙwarai, musamman na mai tacewa gwani wanda bai san Hadeja ba, don shi zai gaya maka inda baƙo zai ɓace. Amma ka riƙe abu biyu da kyau a duk yarjejeniya: maganar ƙarshe a tacewa, da haƙƙin nuna fim ɗin a Najeriya da Nijar yadda ka ga dama. Na ga wanda ya sa hannu a takarda cikin murna, daga baya ya kasa haska fim ɗinsa a garinsu sai da izinin wani kamfani a Turai.

Kuma Amsterdam ba ita kaɗai ba ce. A Legas akwai iREP, bikin dokumentari da su Femi Odugbemi suka kafa, wanda aka saba yi a watan Maris, kuma kuɗin mota ne zai kai ka. Ka je ko ba ka da fim a ciki, ka kalli na wasu, ka gaisa da mutane, a nan za ka iya haɗuwa da furodusan da nake faɗa maka. Akwai Encounters a Afirka ta Kudu tun 1999, akwai FESPACO ta Wagadugu da aka fara a 1969, wadda ake yi duk bayan shekara biyu, ita ma tana da sashen dokumentari. A Turai akwai na Leipzig a Jamus, da Sheffield a Ingila, da Kopenhagen a Denmak. Kowanne da ɗabi'arsa, kuma dabarar ita ce ka fara tura wa wanda ya fi tsananta sharaɗin haskawar farko, sannan ka gangaro. IDFA ma tana da sashen da take nuna fitattun fina-finan da suka riga suka haska a wasu bukukuwan, don haka farawa a wani wuri ba ya nufin an rabu da ita. Ka dai yi hattara da bukukuwan bogi da suka cika intanet, masu karɓar kuɗi su aiko maka da tambarin ganye ka manna a fosta, alhali ba zaure, ba masu kallo. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi hoton taronsu na bara da jerin fina-finan da suka nuna.

Iyakar abin da zan iya gaya maka

Ban ga hotonka ba, saboda haka ba zan ce maka fim ɗinka zai shiga ko ba zai shiga ba, kuma duk wanda ya yi maka wannan alkawarin kada ka yarda da shi. Fina-finai masu kyau da yawa ba sa samun wuri, don kawai an riga an ɗauki wani mai kama da su a shekarar. Sharuɗɗa da ranakun rufe karɓa suna canzawa duk shekara, kuma ana rufewa ne watanni kafin Nuwamba, don haka ka karanta ƙa'idar shekarar da za ka tura a shafinsu da kanka, kalma bayan kalma. Abin da na faɗa maka daga aikina ne da na abokan sana'a, wani zai iya bin wata hanyar ya isa.

Abu na ƙarshe shi ne dattijon. Ka ce shekara biyu kana binsa. Ya san inda hoton nan zai iya zuwa? Ya san wata rana mutum ɗari bakwai a wata ƙasa za su iya kallon cikin gidansa, su ga tukunyarsa ranar da ba a ɗora ta ba? Ka zauna da shi ka yi masa bayani da Hausar da zai gane, har da iyalinsa, musamman in matan gidan sun fito. In akwai abin da ya ce a cire, ku tattauna, in ya dage ka cire. Ku yi maganar abin da zai samu in fim ya kawo wani abu, tun yanzu da ba a ga ko kwabo ba. Kafin kowane baƙo ya gani, ka kai masa a kwamfuta ya kalla a ɗakinsa, kai kana gefe kana duban fuskarsa. Ni da na kai wa maƙerin nan nawa, da aka zo wurin hannun, sai ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya sake kallo, ya yi shiru, sannan ya aika a kira masa yaron daga tashar 'yan acaɓa ya zo ya zauna kusa da shi, ya ce in sake kunnawa daga farko.